Allon nazarin Lichess a kan sikeli: wasan Kasparov da Topalov na 1999

Ba a gane ƙarfin manhajar nazarin ces da wasan da aka yi ta tura sojoji a hankali har aka tashi canjaras. Ana gane shi ne da wasan da aka ba da hasumiya kamar kyauta, aka koro sarki daga gidansa har sahun abokin gaba, kuma gaskiyar taku ɗaya ba ta fito ba sai bayan taku goma sha uku. Irin wannan wasa ne Garry Kasparov na Rasha ya buga da Veselin Topalov na Bulgeriya ranar 20 ga Janairun 1999, a zagaye na huɗu na gasar Hoogovens a garin Wijk aan Zee na ƙasar Holan, gasar da yanzu ake kira Tata Steel. Da shi za mu auna allon nazari na Lichess, dandalin ces na kyauta da wani ɗan Faransa, Thibault Duplessis, ya kafa a 2010.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne: wajen tantance ko taku yana aiki ko ba ya aiki, Lichess ya wadatar, kuma ba a biyan ko kwabo, ba a kuma cika wa mutum ido da talla. Amma rahoton da yake fitarwa da kansa yana nuna inda aka yi kuskure ne kawai. Ba ya faɗin dalili, ba ya kuma bambance takun da kowa zai gani da wanda sai gwani. Wanda ya tsaya a kan rahoton zai tashi da lambobi, ya bar wasan a baya.

Ces da muke magana a kai ita ce darar duniya mai allon gida 64, wadda malamai ke kira shaɗaranji, ba darar ramuka ta ƙofar gida ba. A rubutun taku, K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, B bishof, N doki. Soja ba shi da harafi, sai sunan gidan da ya sauka. Alamar x ci ne, + cek ne, wato an yi wa sarki barazana, # kuma mat ne, sarki ya rasa mafita. O-O-O dogon sauyin gurbi ne na sarki da hasumiya ta ɓangaren sarauniya. Ɗigo uku bayan lamba, kamar 24...cxd4, na nuna takun Baƙi ne, 1-0 kuma na nufin Fari ya ci. Ga wasan gaba ɗaya, Kasparov ne Fari:

1.e4 d6 2.d4 Nf6 3.Nc3 g6 4.Be3 Bg7 5.Qd2 c6 6.f3 b5 7.Nge2 Nbd7 8.Bh6 Bxh6 9.Qxh6 Bb7 10.a3 e5 11.O-O-O Qe7 12.Kb1 a6 13.Nc1 O-O-O 14.Nb3 exd4 15.Rxd4 c5 16.Rd1 Nb6 17.g3 Kb8 18.Na5 Ba8 19.Bh3 d5 20.Qf4+ Ka7 21.Rhe1 d4 22.Nd5 Nbxd5 23.exd5 Qd6 24.Rxd4 cxd4 25.Re7+ Kb6 26.Qxd4+ Kxa5 27.b4+ Ka4 28.Qc3 Qxd5 29.Ra7 Bb7 30.Rxb7 Qc4 31.Qxf6 Kxa3 32.Qxa6+ Kxb4 33.c3+ Kxc3 34.Qa1+ Kd2 35.Qb2+ Kd1 36.Bf1 Rd2 37.Rd7 Rxd7 38.Bxc4 bxc4 39.Qxh8 Rd3 40.Qa8 c3 41.Qa4+ Ke1 42.f4 f5 43.Kc1 Rd2 44.Qa7 1-0

Shigar da wasan

Hanya biyu ce. Ko a buɗe lichess.org/paste a manna waɗannan taku a akwatin, ko a buɗe lichess.org/analysis a manna su a akwatin PGN, wato na rubutun wasa, da ke ƙarƙashin allo. Ta farko tana ba wasan adireshinsa na dindindin, kuma ana iya neman cikakken nazarin kwamfuta tun a wurin, muddin an shiga da asusu. Duk wanda ya sami adireshin zai iya ganin wasan, don haka mai shirin gasa da ba ya son a ga abin da yake dubawa sai ya yi amfani da ɓangaren darasi, inda ake iya kulle aiki. Abin da ya fi lalata shigarwa shi ne rubutu: in aka canza haruffan K, Q, R, B, N zuwa na wani harshe, ko aka tsallake taku ɗaya wajen kwafi, manhajar za ta ƙi karɓa ko ta tsaya a tsakiyar wasa. A kuma lura da irin 7.Nge2 da 22...Nbxd5: harafi na biyu shi ke nuna wane doki ne cikin biyun ya tashi, in aka cire shi takun ya zama mai harshen damo.

Inji iri biyu ne ke aiki a nan, kuma mutane na yawan haɗa su. Na farko shi ne cikakken nazari, wanda Lichess ke aikawa kwamfutocin masu sa kai su yi, su dawo da jadawali mai hawa da sauka da alamomin kuskure ?! da ? da ??, daga ƙarami zuwa babba, a kan taku. Kowane taku yana samun rabonsa na lissafi ne mai iyaka, kuma akwai iyakar yawan wasannin da asusu ɗaya zai nema a rana. Na biyu shi ne injin ces mai suna Stockfish da ke gudana a cikin burauzar mai kallo, da ƙarfin wayarsa ko kwamfutarsa. Wannan ba shi da iyakar rana, ana iya barinsa ya nutsa, ana kuma iya sa shi ya nuna layi har biyar a lokaci guda. Sai dai yana shan batir, yana ɗumama waya, kuma a karon farko sai ya sauke fayil mai ɗan nauyi, don haka gara a yi hakan inda data ba ta da tsada. A wasa irin wannan, na biyun ne ake dogara da shi. Na farko taswira ce kawai.

Shawararmu ta farko ita ce a kashe injin tukuna. Harafin l a allon rubutu yana kunna shi yana kashe shi. A bi wasan da ido har taku na 23, domin lambar da ke gefe tana hana mutum tunani.

Takun buɗewa ba sa buƙatar dogon tsayawa. Topalov ya zaɓi tsarin Pirc, inda Baƙi ke barin Fari ya mamaye tsakiya da sojoji, shi kuma ya yi ta sara daga gefe. Da 8.Bh6 Kasparov ya musanya bishof ɗin g7, wanda shi ne ginshiƙin tsarin, kuma sarauniya a h6 tana kallon f8, don haka sarkin Baƙi ba shi da damar shiga lungun kusa. Dole ya nufi ɓangaren sarauniya, inda sojojin b5 da c6 suka riga suka yi gaba suka bar gida a buɗe. Takun 10.a3 don hana b4 ne. Dokin da ya bi c1, b3 har a5 ya ci taku uku, kuma a a5 yana gefe kamar ba shi da aiki, amma yana taɓa b7 da c6, gidaje biyu da ke daf da sarkin Baƙi. Haka 17.g3: ba don soja aka yi shi ba, don a buɗe wa bishof hanyar h3 ne, daga inda yake tsare c8. Kundin buɗewa na Lichess, wanda harafin e ke buɗewa, yana da amfani a nan. Shafinsa na gwanaye yana nuna wasannin masu maki 2200 zuwa sama da aka buga gaba da gaba, da yadda kowane taku ya ƙare. Bayan taku goma ko kusa da haka wasannin suna raguwa har su ƙare, daga nan kuma kundin ba shi da abin faɗa.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da Topalov: har taku na 23 ya buga wasa mai kyau. Da 19...d5 da 21...d4 ya karɓe tsakiya, ya tilasta wa dokin c3 tashi. Bayan 22.Nd5 Nbxd5 23.exd5 layin e ya buɗe, hasumiyar e1 ta kalli sarauniya, sai ta koma d6. Daga can tana neman musanya da sarauniyar f4, kuma sojan d5 yana fuskantar hari daga uku: sarauniya, dokin f6 da bishof ɗin a8. In aka musanya sarauniyoyi cikin ruwan sanyi, sojan zai faɗi, dokin a5 kuma ya zama ɗan kallo. Kasparov bai yi sadaukarwar taku na 24 don ado ba. Matsayinsa ne ya fara zamewa, sai da wani abu mai ƙarfi zai tsaya.

Taku na 24

A nan ne za a kunna inji, a sa layi uku, a ba shi lokaci. A irin wannan matsayi awon, wato lambar da ke nuna wanda ke gaba, yakan yi rawa a daƙiƙun farko, musamman a waya, saboda layukan suna da tsawo kuma cike suke da sadaukarwa. Kada a karɓi lambar farko. In lissafin ya tsaya, akwai alamar ƙari kusa da lambar zurfi da ke sa ya ci gaba. Wani lokaci za a ga an nuna cewa awon daga ma'ajiyar Lichess ya zo, wato wani ya riga ya bar injinsa ya nutsa a wannan matsayi, kuma a shahararrun wasanni wannan yakan fi abin da waya za ta iya.

Abin da 24.Rxd4 ke nema shi ne karkataccen layin da ya tashi daga d4 ya bi c5 da b6 ya ƙare a a7, inda sarki yake. Sojan c5 ne ya toshe shi. In ya ci hasumiya, ya bar gidansa, layin ya buɗe. Amsar da masu nazari suka yi ittifaƙi a kanta ita ce 24...Kb6, wato a ƙi cin hasumiyar, sarki da kansa ya taso wa dokin a5, sojan c5 ya zauna daram. Yanzu Fari yana da abu biyu a rataye. Bayan misali 25.b4 Qxf4 26.Rxf4 Nxd5 27.Rxf7 sarauniyoyi sun bar allo, harin ya mutu, wasa ya koma kusan kunnen doki. Injin zai nuna wannan layi, kuma wannan shi ne babban amfaninsa: yana tabbatar wa mai kallo cewa shahararriyar sadaukarwar ba ta ci wasa da ƙarfin tsiya ba, Baƙi yana da mafita.

Amma ga inda rahoton ke gazawa. Zai ɗora alamar kuskure a kan 24...cxd4 kamar yadda zai ɗora wa ɗan koyo da ya bar doki a bakin soja. Lichess yana auna kuskure ne da yawan raguwar damar cin wasa tsakanin takun da aka yi da wanda injin ya fi so, ba ruwansa da wahalar ganin hakan. Mai kallo zai iya cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ya wuce, kuma zai zalunci Topalov. Hujjar da ke rusa 24...cxd4 a layin da aka bi ta dogara ne da 36.Bf1 da 37.Rd7, taku goma sha biyu da goma sha uku a gaba, bayan Fari ya ƙara zubar da doki da sojoji. In waɗannan biyun ba su nan, Baƙi ne ke gaba a kaya.

Takun 25.Re7+ shi ne wanda ya fi cancanta a tsaya a kai da hannu. Abin da kowa zai fara gani shi ne 25.Qxd4+, amma sarauniyar Baƙi tana shiga b6 ta toshe cek ɗin ta kuma nemi musanya, harin ya ƙare. Don haka sai a fara janye ta. In ta ci hasumiya ta biyu da 25...Qxe7, sai 26.Qxd4+ Kb8 27.Qb6+, kuma a nan ne aikin 19.Bh3 ke bayyana: c8 a tsare yake. In aka toshe da 27...Qb7 sai 28.Nc6#, domin sarauniyar a ɗaure take a layin b. In aka toshe da 27...Bb7 sai 28.Nc6+ Ka8 29.Qa7#. A ja waɗannan taku da hannu a kan allo. Lichess yana ajiye su a matsayin reshe a ƙarƙashin babban layi, ba ya ɓata wasan. Wannan ɓangaren na allon ba mu ga aibinsa ba: ana iya share reshe, ko a ɗaga shi ya zama babban layi, kuma da maɓallin dama na linzamin kwamfuta ana jan kibiya ko a zagaye gida. A waya kuwa allon yana da matsi, rassa biyu uku suka taru sai jerin taku ya cakuɗe, mutum ya rasa wane reshe yake ciki.

Topalov ya zaɓi 25...Kb6, sai 26.Qxd4+ Kxa5 27.b4+ Ka4. A ƙirga kaya: Fari ya ba da hasumiya da doki, ya sami sojoji biyu. Sarkin Baƙi yana a4, sojan b4 ya rufe masa a5, na c2 ya rufe b3, nasa sojan na zaune a b5. Cek ɗaya mai kyau ya ishe shi. Duk sauran wasan gardama ce a kan gida biyu, b3 da a6.

Harafin x a nan ya fi kowane maɓalli amfani. Yana sa injin ya nuna abin da ɓangaren da ya gama taku ke shirin yi in aka ba shi dama ta biyu a jere. Bayan 28.Qc3 zai nuna Qb3#. Dole Baƙi ya tsare b3, kuma da bishof ba zai yiwu ba: 28...Bxd5 29.Kb2, sai barazanar 30.Qb3+ Bxb3 31.cxb3#, mat da soja guda. Shi ya sa 28...Qxd5, domin yanzu in Fari ya ce 29.Kb2 sarauniya tana zuwa d4 ta ɗaure ta c3 da sarkinta. Sai Kasparov ya juya ga ɗaya gidan da 29.Ra7, yana neman Rxa6#. In aka kare da 29...Rd6, hasumiyar ta ɗauki kaya biyu, sai 30.Kb2 Qd4 31.Qxd4 Rxd4 32.Rxa6#. Saboda haka 29...Bb7, aka ba da bishof don a sayi numfashi, kuma bayan 30.Rxb7 ba a iya ramawa, tunda 30...Qxb7 tana sakin b3.

Injin yana da gyara ga Kasparov ma, kuma yana da gaskiya. Takun 28.Ra7 kai tsaye ya fi 28.Qc3 ƙarfi, abin da gwanin ces Lubomir Kavalek ya nuna tun bayan wasan. Dalilin shi ne sarauniyar Baƙi tana d6 tana tsaron a6, ba ta riga ta hau d5 ba. In doki ya ci soja da 28...Nxd5, sai 29.Rxa6+ Qxa6 30.Qb2 Nc3+ 31.Qxc3 Bd5 32.Kb2, mat ɗin nan na soja ya dawo, sarauniyar kuma tana a6 nesa da d4. Bambancin jerin taku ne kawai, amma a layin da aka buga Baƙi ya sami ƙofofi biyu da zai iya jurewa. Ta farko 30...Rhe8, wadda ke shigo da hasumiyar da ke barci. Fari sai ya gano 31.Rb6 Ra8 32.Bf1, bishof ya hana sarauniya sauka c4. Ta biyu, bayan 31.Qxf6 da aka buga, 31...Rd1+ 32.Kb2 Ra8 33.Qb6 Qd4+ 34.Qxd4 Rxd4 35.Rxf7, inda aka tsira daga mat aka shiga ƙarshen wasa: Baƙi da hasumiya biyu, Fari da hasumiya da bishof da ƙarin sojoji biyu, sarkin Baƙi har yanzu a maƙale. Fari ne a gaba, amma akwai sauran aiki. Duk mai layi uku a kunne zai ga waɗannan da kansa. Mai layi ɗaya zai ga kibiya ɗaya kawai, ba zai san ko takun shi kaɗai ne ke aiki ko akwai biyar irinsa ba, alhali wannan shi ne ma'aunin wahalar matsayi.

Korar sarki

Daga 31...Kxa3 komai tilas ne. Bayan 32.Qxa6+ Kxb4 sai 33.c3+, soja na ƙarshe da ke gaban sarkin Fari shi ma aka ba da shi. In sarki ya ja da baya zuwa c5, 34.Rc7+ tana soke shi da sarauniyar da ke bayansa a c4. In sarauniya ta ci sojan, 34.Qxb5+ Ka3 35.Ra7+ ta gama magana. Sai 33...Kxc3 34.Qa1+ Kd2 35.Qb2+ Kd1. Sarkin da ya fara a e8 ya bi c8, b8, a7, b6, a5, a4, a3, b4, c3, d2, ga shi a d1, gida ɗaya tsakaninsa da sarkin Fari.

A tsaya a nan, a kashe inji, a nemi takun Fari. Cek masu amfani sun ƙare. Baƙi yana da hasumiya biyu, Fari yana da hasumiya da bishof, kuma sarkinsa tsirara yake. Amsar ita ce 36.Bf1, bishof ya koma gidan da ya fara. Sarauniyar c4 tana riƙe da abu biyu: layin c, don kada a yi Qc1#, da gidan e2, don kada a yi Qe2#. Bishof ɗin ya taso mata, kuma duk inda ta matsa sai ta saki ɗaya. In ta ci shi, 36...Qxf1 37.Qc2+ Ke1 38.Re7+ Qe2 39.Qxe2#. Abin da ya rage wa Topalov shi ne 36...Rd2, ya taso wa sarauniyar Fari shi ma, ya toshe sahu na biyu. Sai 37.Rd7, wadda ta ɗaure hasumiyar d2 da sarkinta a layin d, don haka ba ta iya cin b2. Bayan 37...Rxd7 38.Bxc4 barazanar Qc1# ta dawo, dole 38...bxc4, sai 39.Qxh8 daga b2 zuwa kusurwa. Hasumiyar h8 ba ta motsa ko sau ɗaya ba tun farkon wasa, kuma zamanta a wannan gida, a kan layin da sarauniyar b2 ke kallo, shi ne abin da ya sa lissafin duka ya fita.

Rahoton Lichess ba ya sa wa 36.Bf1 ko 37.Rd7 wata alamar yabo. A wurinsa taku ne da ba a yi kuskure ba, daidai suke da 2.d4. Chess.com, wani dandalin ces, yana raba alamomin yabo a nasa bitar, sai dai asusun kyauta a can yana da ƙarancin rabo a rana. Mu mun fi son shirun Lichess a kan yabon da inji ke rabawa, amma ɗan koyo ya sani cewa jadawalin ba zai kai shi waɗannan taku biyu ba, domin a lokacin awon ya riga ya karkata ga Fari, layin jadawalin ba ya motsi. Wuraren da suka fi daraja a wasan nan suna cikin shimfiɗaɗɗen ɓangaren jadawalin ne. Haka adadin daidaito da yake ba kowane ɗan wasa a ƙarshe: a wasa mai wuta irin wannan ba ya nuna wa ya fi zurfin lissafi, kuma wasan da aka yi musanya aka tashi canjaras da wuri zai iya fin sa maki.

Sauran taku biyar aikin hannu ne. Sarauniya da sojoji uku ne a kan hasumiya da sojoji huɗu, abin tsoro ɗaya shi ne sojan c. Da 41.Qa4+ aka kori sarki daga d1, da 43.Kc1 sarkin Fari ya tsaya a gaban sojan. Bayan 44.Qa7 Topalov ya miƙa wuya. In ya ci h2, 45.Qg1+ tana ɗauke hasumiyar. Kundin ƙarshen wasa na Lichess, wanda ke ba da hukunci tabbatacce in kaya sun ragu zuwa bakwai ko ƙasa, ba ya buɗewa a nan, tunda goma sha ɗaya suka rage a allo. Shafin lokacin taku shi ma babu komai a cikinsa, domin rubutun da aka manna ba ya ɗauke da agogo. Kasparov ya ci gasar da maki 10 cikin 13, rabin maki a gaban Viswanathan Anand na Indiya, Topalov kuma ya zama zakaran duniya na FIDE, hukumar ces ta duniya, a San Luis ta Ajantina a 2005.

Akwai maɓallin koyo daga kuskure da ke fitowa bayan cikakken nazari, wanda ke mayar da mutum matsayin da aka yi kuskure ya ce ya nemo takun da ya fi. A zaɓi ɓangaren Baƙi, a juya allo da harafin f, a gwada neman 24...Kb6 ba tare da kibiya ba. Aibinsa ɗaya: in aka samu, cewa kawai yake yi an yi daidai, ya wuce na gaba, bai nuna abin da zai biyo baya ba, sai mutum ya koma ya ja layin da kansa.

Mai koyar da yara ko mai kulob zai fi amfana da ɓangaren darasi, inda aiki ɗaya ke ɗaukar babi har 64, ana rubuta bayani a ƙarƙashin kowane taku da kowane harshe, Hausa ma ta shiga, ana kuma iya gayyatar wasu su kalli allo ɗaya a lokaci guda. Akwai zaɓin ɓoye taku masu zuwa, wanda ke hana ɗalibi leƙen amsa. Daga wasan nan babi huɗu sun isa: matsayin bayan 23...Qd6 a nemi takun Fari, na bayan 25...Qxe7 a nemi mat cikin taku huɗu, na bayan 28...Bxd5 a nemi 29.Kb2, sai na bayan 35...Kd1, wanda ya kamata a ba ɗalibi minti goma a kansa kafin a nuna masa bishof.